Zan raka Baba asibiti a Chennai, waɗanne tsofaffin haikalan Hindu ya kamata in je in gani?

Wani ƙanenmu ne ya turo wannan tambaya. Zai raka mahaifinsa jinya zuwa Chennai da ke kudancin Indiya, likitoci sun ce zaman zai kai mako shida. Shi kuma aikin gini ya karanta, kuma ya daɗe yana ganin hotunan haikalan Hindu da aka lulluɓe da sassaƙa tun daga tushe har ƙololuwa. Yana so ya san wanne zai je cikin 'yan kwanakin da zai samu, ko ana barin Musulmi ya shiga, da kuma abin da zai duba in ya isa, don kada ya dawo da hotuna kawai.

To ƙanena, da farko Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya ba ka ladan jinya. Na yi shekara uku ina karatu a wannan yanki, tarihin gine-gine kuma shi nake koyarwa, don haka abin da na taka da ƙafata zan gaya maka.

Kuskuren da na yi a shekarata ta farko shi ne tara wurare. Haikali takwas na taɓa shiga a kwana biyu, da na dawo ɗaki ban iya bambance na farko da na takwas ba, duk sun cakuɗe mini a kai: hannuwa, kawuna, giwaye. Idona bai buɗe ba sai da wani tsohon masassaƙi a Mahabalipuram ya miƙo mini guduma da kurfi ya ce in gwada. Na yi ta dukan dutsen kusan minti goma, tafin hannuna ya yi bororo, abin da na iya cirewa bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Tun ranar, in na tsaya gaban haikali ba na fara tambayar wane ne aka sassaƙa. Ina fara tambayar wane irin dutse ne. Dutsen shi ke yanke wa masassaƙi hukuncin abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, kuma da zarar ka gane haka za ka daina ganin haikalan duk ɗaya ne.

Ka fara da Mahabalipuram, wasu na cewa Mamallapuram. Tafiyar kilomita 60 ce ko ƙasa da haka daga Chennai, ta hanyar da ta bi bakin teku, in ka fita bayan sallar asuba za ka dawo kafin la'asar. Garin tashar jiragen ruwa ce ta sarakunan Pallava, yawancin aikin kuma an yi shi ne a ƙarni na 7 da farkon na 8. Sunan Mamalla kirarin sarki Narasimhavarman na ɗaya ne, wanda ya yi mulki wajen 630 zuwa 668, ma'anarsa gawurtaccen ɗan kokawa. Dutsen wurin garanayit ne, irin wanda ake yin dutsen niƙa da shi, irin na Kufena a Zariya. Ba ya karɓar ƙananan ado cikin sauƙi. Shi ya sa za ka ga siffofin wurin sumul suke, gaɓoɓi dogaye, kayan ado kaɗan, ƙarfin aikin yana cikin tsayuwar jiki da motsinsa.

Wurin da na fi so ɗalibin gini ya daɗe shi ne inda ake kira Pancha Ratha, wato karusai biyar. Ba karusai ba ne, kuma ba gina su aka yi ba. Dutse aka samu a kwance cikin rairayi aka sassaƙe shi daga sama zuwa ƙasa har ya zama ɗakuna. Huɗu daga cikinsu daga doguwar fa guda aka fitar da su. Kowanne da irin rufinsa: ƙaramin cikinsu ya yi kama da ɗakin jinka na ƙauye, wani rufinsa dogo ne kamar an kife kwalekwale, wani bayansa a zagaye kamar gadon bayan giwa (giwar ma ga ta nan tsaye kusa da shi, an sassaƙa ta kamar don ka kwatanta), babban kuma hawa-hawa ne yana tsukewa zuwa sama. Wannan na ƙarshen shi ne kakan kusan duk hasumiyoyin haikalin da za ka gani a kudancin Indiya. Ka duba ƙarƙashin rufin da kyau, za ka ga an sassaƙa kawunan katako da sanduna a jikin dutse, alhali ba abin da suke ɗauke da shi. Masu aikin gine-ginen itace da ciyawa suka saba gani, su suka kwaikwaya, kamar a ce wani ya zana kawunan azara a jikin dakin kankare. Abin da ya fi amfani gare ka shi ne ba a ƙarasa su ba. Sama ya gamu tsaf, ƙasa kuwa har yanzu ɗanyen dutse ne da sawun kurfi a jiki. A kan duwatsun da ke kewaye za ka ga ramuka ƙanana a jere, inda ake cusa turaku a tsaga dutse. Babu littafin da zai nuna maka matakan aikin kamar yadda aikin da aka bari rabi zai nuna maka.

Daga nan sai babban bangon dutsen da ake kira Saukowar Kogin Ganga, wasu kuma na cewa labarin Arjuna ne, wani jarumi a labaran Hindu, yana azabtar da kansa don neman makami wurin Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Masana ba su daina gardama a kai ba. Tsawonsa ya kusa mita 30, tsayinsa wajen mita 13. Akwai tsaga ta halitta a tsakiyar dutsen, maimakon su ɗauke ta aibi, sai masu aikin suka mai da ita kogin, suka sa macizai masu kan mutum suna iyo a ciki, duk sauran halittu, mutane da dabbobi da masu shawagi a sama, suka fuskanto ta. Giwayen da ke dama sun kusa kai girman giwa ta gaske, 'ya'yansu na fakewa tsakanin ƙafafun manya. A sama ta hagu akwai wani mutum tsaye da ƙafa ɗaya, hannuwa sama, haƙarƙari duk a waje don yunwa. To ka sauko da idonka ƙasa, gaban haurun babbar giwa. Za ka ga muzuru tsaye shi ma a kan ƙafafun baya, ya ɗaga hannuwa sama yana kwaikwayon wancan mai ibada, ɓeraye sun kewaye shi sun saki jiki. Ranar da na fara ganinsa dariya ta kama ni ni kaɗai, domin tuban muzuru ne muraran, an sassaƙa shi shekara dubu da ɗari uku da suka wuce a ƙasar da ba a taɓa jin Hausa ba.

Haikalin bakin teku shi ne na uku. An gina shi wajen shekarar 700 zuwa 728, zamanin Narasimhavarman na biyu, kuma shi da tubalan dutse aka ɗora shi, ba sassaƙe dutse guda aka yi ba. A nan ne ake ganin sauyin daga sassaƙa zuwa gini. Iska mai gishiri ta cinye fuskokin siffofinsa har sun zama kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Kada ka sa ran ganin ƙananan ado, tsarin ginin da zamansa gaban teku za ka kalla.

Yanzu batun shiga. Haikalan iri biyu ne, kuma rashin sanin wannan shi ke jawo wa baƙo jin kunya. Akwai waɗanda ke hannun hukumar adana kayan tarihi ta Indiya, inda aka daina bauta ko kuma ba a taɓa yi ba. Su Pancha Ratha da haikalin bakin teku na cikin wannan rukuni: ka sayi tikiti ka shiga, ba mai tambayar addininka. Kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, a zuwana na ƙarshe rupi 600 ne, tikiti guda kuma ya ishe ka wuraren biyu a rana ɗaya. Akwai kuma haikalan da ake ibada a cikinsu kullum, kuma su masu su ke da iko. A jihar Tamil Nadu da yawansu sun kafa allo cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce wani wuri. A watan Janairun 2024 babbar kotun Madras ta yanke hukunci a kan haka, cewa iyakar wanda ba mabiyi ba ita ce dogon turken tuta da ke tsakar haikali, wanda suke kira kodimaram. Wasu wuraren, kamar haikalin Jagannath na garin Puri da ke jihar Odisha, ko ƙofar waje ba za ka shiga ba. Kada ka ji haushi. Mu ma muna da inda ba ma barin kowa ya shiga, kuma gaskiyar magana abin da ya kai ka yana waje ne. Ɗakin can ciki, garbhagriha, ƙarami ne, duhu, ba taga, bangonsa ba ado. Sassaƙar tana jikin bangon waje da ginshiƙai da hasumiya.

Tsarin kusan guda ne ko'ina a kudu. Za ka shiga ta ƙofa mai doguwar hasumiya, gopuram, ka ɗauke ta kamar zaure da aka yi wa bene hawa bakwai ko tara. Sai fili, sai turken tuta, sai dabbar da abin bautar ke hawa tana fuskantar ciki, sai rumfa mai ginshiƙai da ake kira mandapa, sannan ɗakin ciki da hasumiyarsa, vimana. Dabbar nan ita ce za ta gaya maka na wane ne haikalin: in sa ne a durƙushe, na Shiva ne, in mutum ne mai fukafukai da bakin gaggafa, na Vishnu ne. A jikin bango ma da abin hannu ake gane su, kamar yadda kake gane sarki da sandarsa. Mai mashi mai baki uku ko ɗan kalangu Shiva ne. Mai riƙe da katantanwar teku da faifai Vishnu ne. Mai kan giwa Ganesha. Mace a kan zaki tana yaƙi da mai kan ɓauna Durga ce, kuma akwai wani kogo a Mahabalipuram da aka sassaƙa wannan yaƙi, inda za ka ga mai kan ɓaunan ya fara ja da baya, jikinsa duk ya karkata, a ganina babu aikin da ya fi shi a garin. Yawan hannuwa kuwa dabarar mai sassaƙa ce ta nuna iko da ayyuka da yawa a siffa ɗaya mara motsi. Ƙartin nan biyu masu kulake a bakin kowace ƙofa dogarai ne. In labari ne aka jera a bango, ka bi shi ginin na hannunka na dama, domin haka aka tsara shi, in ka bi ta ɗaya ɓangaren daga ƙarshe za ka karanto shi.

Ka tambayi ko ya halatta. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, malamai kuma sun yi magana a kan shiga wuraren bautar wasu, akwai masu tsanantawa musamman inda akwai gumaka, akwai masu sassautawa in don ilimi ne ko izina. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka tashi. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda ni na yi. Ban taɓa shiga layin masu ibada ba. In mai hidimar haikali ya miƙo toka ko jan garin da suke shafawa a goshi, ko abincin da aka riga aka miƙa wa abin bautarsu, wanda suke kira prasad, sai in dafa ƙirjina in ɗan girgiza kai in yi godiya. Ba wanda ya taɓa matsa mini. Ba na rusunawa, ba na kaɗa ƙararrawa, ba na jefa kuɗi a asusunsu. Haka kuma ban taɓa yin dariya ko tsaki ga mai ibada ba, ban nuna shi da yatsa ba, ban ɗauke shi hoto yana tsakiyar addu'arsa ba. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, kuma tsaki ma zagi ne. Sallah ba za ta ba ka wahala ba, akwai Musulmi Tamilawa tun ƙarnoni masu yawa, da wuya ka shiga gari ba ka ji kiran sallah ba. A cikin Chennai ma, unguwar Triplicane, babban masallacin Wallajah da aka gina da garanayit a 1795 tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da tsohon haikalin Parthasarathy.

In jikin Baba ya yi sauƙi har ka samu wanda zai zauna da shi kwana biyu, Thanjavur za ka. Akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga tashar Egmore da dare ya isa da asuba. Haikalin Brihadisvara na can, sarki Rajaraja Chola na ɗaya ya gina shi, aka kammala a 1010. Hasumiyarsa ta haura mita 60, duk garanayit, a yankin da ƙasar noma ce shimfiɗaɗɗiya ta bakin kogin Kaveri, babu dutsen a kusa, sai da aka jawo shi daga nesa. Cikin hasumiyar rami ne. Ba su yi amfani da baka ba, kowane layin dutse suka riƙa turo shi ciki kaɗan fiye da na ƙarƙashinsa har bakin ya haɗe a sama, nauyin na sama kuma shi ke danne na ƙasa. In ka taɓa tsayawa ka ga yadda maginanmu ke turo azara mataki-mataki su ɗaure bakan gizo, tunanin ba zai zame maka baƙo ba, sai dai su da dutse suka yi. Kan hasumiyar ana ƙiyasta nauyinsa da tan 80. Masu yi wa baƙi jagora za su ce maka an ja shi ne ta wani gangaren ƙasa mai tsawon kilomita shida, wannan labarin baka ne, mai yiwuwa ne amma ba a rubuce yake ba. Za kuma su ce maka inuwar hasumiyar ba ta taɓa faɗuwa ƙasa. Wannan kam ƙarya ce, a cikinta na zauna na sha ruwa.

Abin da ya fi burge ni a Thanjavur ba tsayin ba ne, rubutun da ya zagaye gindin ginin ne. Layi bayan layi na harshen Tamil, an tona shi cikin garanayit, kuma yawancinsa lissafi ne. An rubuta zinariya da duwatsu masu daraja da sarki da yayarsa da matansa suka bayar, kowanne da nauyinsa. An jera sunayen mata 400 masu rawar haikali da garuruwan da aka ɗauko su da rabon kowacce. An rubuta makaɗa, da ma'aji, da maɗinka, da masu wanki. An rubuta tumaki da shanun da aka damƙa wa makiyaya bisa sharaɗin su riƙa kawo man shanu don fitilu kada su mutu. Kundin wakafi ne aka rubuta a inda gara ba za ta ci ba. Har sunan babban maginin yana nan, Kunjara Mallan, da laƙabin Perunthachan, wanda in ka fassara shi kusan Babban Gwani yake nufi, laƙabin da mu ma muka ba Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Shiga filin haikalin kyauta ne, ana ibada a ciki amma baƙo na yawo a harabar ba mai ce masa kanzil. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da dutsen ke komawa launin zuma.

Kilomita 40 ko ƙasa da haka daga nan, kusa da Kumbakonam, akwai haikalin Darasuram, aikin ƙarni na 12. Ƙarami ne, amma a nan jikokin waɗancan masassaƙa suka nuna sun gama horar da garanayit. Rumfar gaba an yi ta kamar karusa, da ƙafafu da dawakai. Akwai siffofi a ginshiƙai da ba su fi tsawon yatsa ba. Ka nemi wurin da sa da giwa suka haɗa kai guda: ka rufe jikin ɗaya da tafin hannu ka ga giwa, ka rufe ɗayan ka ga sa.

Madurai za a yi ta ce maka kada ka rasa ta. Hasumiyoyin babban haikalin garin, Meenakshi, 14 ne, mafi tsayi ta haura mita 50, cike da dubban siffofi masu launi, su ne ka fi gani a hotuna. Amma ka sani waɗannan ba sassaƙar dutse ba ce. Gindin ne dutse, sama tubali ne da yaɓen farar ƙasa da aka mulmula aka shafa wa fenti, ana kuma sabunta shi lokaci-lokaci. Ya fi kusa da zanen da maginanmu ke yi a fuskar soro. Ga cunkoso, ga shi tun 2018 an hana shiga da waya. In wannan salon kake so ka gani, haikalin Kapaleeshwarar da ke Mylapore a cikin Chennai ya ishe ka, ɗan sahu zai kai ka ka dawo cikin awa biyu. (Keken nasu irin namu ne sak, daga can ake kawo mana su. Ku gama ciniki kafin ka hau.)

Wanda zan ce ka yi wa tanadin kwana uku, in da hali, shi ne Belur da Halebidu a jihar Karnataka, kilomita 200 da ɗoriya yamma da Bangalor. Dalilin shi ne a can za ka ga ɗaya gefen maganar dutse. Sarakunan Hoysala da dutse mai laushi suka yi aiki, irin wanda ake kira dutsen sabulu, dangin wanda aka yi mutum-mutumin Esie na jihar Kwara da shi. Yana da taushi lokacin da aka haƙo shi, ana iya yanka shi kusan kamar icce. Sai masu aikin suka bar sassaƙa irin ta magina suka koma ta maƙeran zinariya. An fara haikalin Belur a 1117, zamanin sarki Vishnuvardhana, na Halebidu kuma ya biyo baya da 'yan shekaru, tsakaninsu kilomita 16. Za ka ga sarƙar wuya da kowane ƙwaya a rarrabe, gashin kai silli-silli, yatsun makaɗi a ƙarƙashin tsirkiyar ganga, ganye da aka huda har haske na ratsawa ta baya. Ginshiƙan ciki sumul suke da zobba-zobba kamar an juya su a injin, suna sheƙi har yau. Tushen ginin an yi shi da kusurwoyi kamar tauraro, kuma wannan ba don kyau kaɗai ba ne: bango mai shiga da fita ya fi miƙaƙƙe faɗi, ga ƙarin wurin sassaƙa, ga inuwa da ke sauyawa da tafiyar rana. A gindin bangon Halebidu akwai ɗamara a kan ɗamara, giwaye a ƙasa suna ɗauke da komai, sai zakuna, sai dawakai da mahaya, sai labaran yaƙe-yaƙensu, sai tsuntsaye. Abin da ya fi taɓa ni shi ne masassaƙan sun rubuta sunayensu ƙarƙashin aikinsu. Dasoja da ɗansa Chavana na cikin waɗanda za ka gani a Belur, wasu har da garinsu da kirarin kansu. In ka tambaye ni, adon Hoysala wani lokaci yana yawa har ido ya rasa wurin hutawa, na fi son natsuwar Pallava. Amma ban san inda hannun ɗan Adam ya kai wannan matsayi a kan dutse ba.

A Halebidu za ka ga fuskoki a farfashe da hannuwa a gutsure, kuma da mai jagora ya ji sunanka zai iya kallonka ya ambaci Malik Kafur. Gaskiya ne, rundunar Sarkin Delhi Alauddin Khalji ƙarƙashin Malik Kafur ta auka wa garin a 1311, ta kwashi dukiya, ta wuce har Madurai. Ba abin musu ba ne. Haka kuma ba shi ne dukan labarin ba: sarakunan Hindu su ma sun riƙa kwashe gumakan juna a matsayin ganima, Turawan mulkin mallaka sun ɗiba, ɓarayin kayan tarihi na wannan zamani sun ɗiba, ruwa da rana sun ci nasu. Amma kada ka tsaya gardama. Maganar haikali da masallaci ta zama ɗanyen miki a siyasar Indiya ta yau, kai kuwa baƙo ne da mara lafiya a asibiti. Ka saurara, ka gyaɗa kai, ku wuce bango na gaba.

Ellora da Khajuraho sun yi maka nisa a wannan tafiya. Na Ellora, haikalin Kailasa na ƙarni na 8, dutse guda ne aka haƙa daga saman tsauni zuwa ƙasa har ya zama gini mai bene da tsakar gida, wato Pancha Ratha da ya girma ya wuce hankali. Khajuraho kuwa, da sarakunan Chandela suka gina tsakanin 950 da 1050, shi ne mai siffofin nan na saduwar maza da mata. Ba su kai yawan da ake zuzutawa ba, kusan kashi ɗaya cikin goma ne na sassaƙar, amma ba a ɓoye suke ba. Ba wurin da za ka je da Baba ko suruki ba ne. A haikalan kudu ma za ka ci karo da irinsu jefi-jefi a jikin ginshiƙi, ka kawar da kai kawai.

Takalmi ana cire shi a duk inda ake ibada, kuma garanayit da hantsi ya daka ya fi rairayin Azare zafi, na taɓa tsallen-tsallen da yara suka yi ta yi mini dariya. Ka sa safa mai kauri a aljihu, in an yarda da ita ka sa. Haikalan da ake ibada suna rufewa daga wajen sha biyun rana zuwa ƙarfe huɗu. Kaftaninka da wando sun wadatar, gajeren wando ne ba sa so. Fasfo kada ya rabu da kai, domin kowane masauki sai ya yi rajistar baƙo da shi. Mutane za su nemi ɗaukar hoto da kai, yawanci son sani ne ba raini ba, in ka gaji ka ce a'a. Kayan ci kada ka riƙe a hannu inda akwai birai. Mai jagora kuma ka nemi mai katin hukuma, wani da ya liƙe mini a bakin wata ƙofa ya karɓi kuɗina ya yi awa guda yana ba ni labarin aljanun da suka ɗaga duwatsu da dare. Ka tafi da littafin zane da fensir da awo. Ginshiƙi guda da ka zauna ka zana zai zauna maka fiye da hoto ɗari uku. In kuma rana ta zo da ba za ka iya nisa da asibiti ba, gidan tarihi na gwamnati da ke Egmore na da ɗakin siffofin tagulla na zamanin Chola, waɗanda aka zuba da dabarar kakin zuma, irin wadda maƙeran Ife da Benin suka yi aiki da ita.

Bangon Saukowar Ganga a bakin titi yake, ba tikiti, ba matakala, mota na tsayawa dab da shi. In likita ya ba Baba izinin shan iska kafin ku dawo, ka ɗauki mota ku bi hanyar bakin teku da sanyin safiya, yana zaune ma zai gan shi. Ka nuna masa muzurun. Can ƙasa ta hagu kuma akwai wata barewa a kwance tana sosa hanci da kofaton ƙafar baya, sai a zuwana na uku na lura da ita.